Wanda aka yi safararsa ya kuɓuta: mene ne hukuncinsa, kuma ina zai nemi taimakon hukuma?

Tambaya

Malam, a yankinmu na Kankia da Kusada akan samu wani ko wata su zo su ɗauki yarinya ko saurayi da sunan za a sama masa aiki a Kano ko Abuja, wani lokaci ma Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya. Wasu sai bayan shekaru su dawo, ba kuɗi, ba lafiya, wata har da ciki ko goyo. Manya sukan ce a rufa asiri, a bar wa Allah. Shin wadda ta dawo a wannan hali tana da laifi? Ya halatta a kai ƙara gaban hukuma, alhali wadda ta ɗauke ta 'yar'uwa ce ko maƙwabciya? Kuma wane taimako gwamnati take bayarwa?

Amsa

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce: wanda aka yaudara ko aka tilasta, shi ne abin zalunta, babu zunubi a kansa cikin abin da aka tilasta shi. Kai ƙara gaban hukuma halal ne, kuma yakan zama wajibi idan akwai wasu da suke hannun azzalumin har yanzu, ko kuma ana tsoron zai sake ɗaukar wasu. Taimakon da hukuma take bayarwa kuwa haƙƙinsa ne, karɓarsa ba roƙo ba ne. Ga bayanin filla-filla.

Na farko: bambancin ci-rani da safara

Fita neman halal ba laifi ba ne. Tun kaka da kakanni mutanenmu suna tafiya ci-rani bayan an gama aikin gona, su dawo da bazara. Aikatau ma, idan sharuɗɗansa sun cika, ijara ce, wato ƙodago. Malaman fiƙihu sun shardanta cewa a san aikin, a san ladan, a san wa'adin, aikin ya zama na halal, kuma a ƙulla da yarda.

Abin yana komawa safara ne idan aka shigo da yaudara ko tilas domin a ci gumin mutum. Ga alamomin da za ka gane ta da su. An faɗi aiki iri kaza, da aka je sai aka tarar da wani daban. An karɓe fasfo ko waya. An hana fita, an hana magana da gida. Albashi yana shiga hannun dillali, mai aikin ba ya ganin ko sisi. An ɗora masa bashin mota da biza da abinci, kullum bashin ƙaruwa yake yi. An sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai gudu ba. Ko kuma an miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan ana karɓar kuɗi a kansa. Ba sai an tsallake iyaka ba: yarinyar da aka ɗauka daga Rimaye ko Mawashi aka kai ta wani gida a Kano, tana aiki dare da rana, wata tana karɓe kuɗinta a ƙarshen wata, ita ma tana cikin wannan babi. Haka nan yaron da aka karɓa da sunan karatun allo, alhali bara ake tura shi ana karɓe abin da ya samo. Karatun Alƙur'ani ya barranta daga wannan.

Dalilin da ya sa ya kamata mutanen wannan yanki su buɗe ido shi ne, babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Bichi da Tsanyawa, ta ratsa Yashe da Kankia da Charanchi zuwa Katsina, ita ce take kaiwa Jibiya, daga nan Maraɗi, daga nan Agadas, ƙofar hamada. Kuma hamada ba ta da wasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. A ƙarshen 2017 kuma duniya ta ga hotunan da aka ɗauka a Libiya ana gwanjon baƙaƙen fata kamar dabbobi a kara.

Na biyu: hukuncin mai safara

Sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, haramun ne da ijma'in malamai, kuma yana cikin manyan zunubai. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ma'anarsa take nuna cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama: wanda ya ɗauki alkawari da sunan Allah ya ci amana, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya gama ya hana shi lada. Ka duba da kyau, za ka ga mai safara yakan haɗa ukun gaba ɗaya. Ya rantse wa iyaye, ya karɓi kuɗi a kan yarinya, ya cinye ladanta.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai Musulunci ya san bauta. Malaman wannan ƙasa sun daɗe da rufe wannan ƙofa. A shekarar 1615 mutanen Tuwat, wadda take cikin Aljeriya ta yau, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Timbuktu tambaya game da bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata. Ya ba su amsa a littafinsa Mi'irajus Su'ud, ya ambaci Katsina da Kano da Borno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba, ya kuma bayyana cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne. Yau fiye da shekara 400 ke nan, kuma ta wannan hamadar ake ci gaba da bi da 'ya'yanmu. A dokar ƙasa ma an soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya tun 1936, kuma ƙasashen Musulmi sun shiga alkawarin hana ta. Saboda haka a yau babu bawa na shari'a, duk wanda aka sayar ɗa ne aka zalunta, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Uban da ya karɓi kuɗi alhali ya san inda za a kai 'yarsa, da direban da ya san abin da ya ɗauko, da mai gidan da ake ɓoye mutane a cikinsa, duk suna da kasonsu na zunubi, domin taimakekeniya ce a kan saɓo.

Na uku: hukuncin wanda aka yi safararsa

Aya ta 33 a Suratun Nur ta hana tilasta mata yin alfasha domin neman abin duniya, sannan ta rufe da yi wa waɗanda aka tilasta bushara da gafara da jinƙai. Muslim ya ruwaito cewa ta sauka ne a kan kuyangin Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, wanda yake tura su yana karɓar kuɗin. To idan Allah Ya ɗauke laifi daga wadda aka tilasta, wane ne kai da za ka mayar mata da shi? A mazhabar Imamu Malik babu haddi a kan wadda aka tilasta, kuma wanda ya tilasta ta sai ya biya ta sadakin irinta, ban da hukuncin da yake kansa. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an sayar da shi a kan 'yan dirhamomi ƙidayayyu, kuma wannan bai rage masa komai a wurin Allah ba.

Ko da ita ce ta nace sai ta tafi, ko ta fita ba da izinin iyaye ba, wannan kuskure ne da tuba take shafewa. Bai halatta wa kowa ya ci guminta ko ya keta mutuncinta ba.

Akwai wasu mas'aloli da suke damun waɗanda suka dawo:

Rantsuwa. Rantsuwar da aka yi bisa tilas ba ta ɗaure mutum. Idan kuwa da son ransa ya rantse kafin ya gane gaskiya, to rantsuwa a kan zama cikin saɓo ko zalunci warware ta ake yi, a yi kaffara kamar yadda aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Kada ta ji tsoron wai Alƙur'ani zai ci ta. Wanda ya mayar da Littafin Allah igiyar ɗaure mutane, shi ya kamata ya ji tsoro.

Bashi. Bashin da ake ninkawa kullum, ba a san iyakarsa ba, riba ce da garari, ba ya hawa kanta. Idan akwai kuɗin gaske da aka kashe, alƙali ne zai auna shi da ladan da aka cinye mata.

Salla da azumi. Abin da ya kuɓuce a lokacin tsarewa sai a rama gwargwadon iko.

Aure da ciki. Auren matar aure bai mutu ba saboda an tilasta ta, sai dai a yi istibra'i. Budurwa ko bazawara ma za ta yi istibra'i kafin a ɗaura mata aure, mai ciki kuwa sai ta haihu. Jaririn ba shi da laifin kowa, yana da haƙƙin suna da shayarwa da tarbiyya kamar kowane ɗa. Maganar dangantaka da gado a kai ta gaban alƙali ko malami masani, domin kowace mas'ala da yanayinta.

Na huɗu: shin kai ƙara tonon asiri ne?

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Suturar da shari'a ta kwaɗaitar a kanta ita ce rufa asirin wanda ya faɗa saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya cutar da kowa. Wanda ya mayar da cutar da bayin Allah sana'a, rufa masa asiri taimaka masa ne. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gulma, daga ciki akwai kai kuka wurin mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi daga sharri. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koyar da cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci. Saboda haka idan dillaliyar gwaggonka ce, hana ta shi ne zumuncin gaskiya.

Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yarinyar. Kada a yi yawo da labarinta a majalisa da gidan biki, kada a saka hotonta a Facebook ko WhatsApp. Dokar ƙasa ma ta umarci hukuma da ta ɓoye sunan wanda aka yi safararsa.

Sulhu a gidan mai unguwa yana da kyau a rikicin gona da na aure. A wannan babi kuwa akwai haƙƙi biyu. Haƙƙinta, wanda tana iya yafewa da son ranta ba tare da matsi ba, da haƙƙin jama'a, wanda ba ta da ikon yafe shi, domin wadda aka sallama yau da ban-haƙuri, gobe gidan maƙwabci za ta shiga.

Na biyar: taimakon da hukuma take bayarwa

Hukumar da aka ɗora wa wannan aiki ita ce NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa. An kafa ta a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. Hedikwatarta tana Abuja, tana da babban ofishin shiyya a Kano, tana kuma da ofishi a cikin birnin Katsina, duka biyun kuwa a kan hanyarku suke. Gajeriyar lambar kiranta ita ce 627. Ba a biyan kuɗi don shigar da ƙorafi.

Abin da dokar ta tanada wa wanda aka ceto ya haɗa da waɗannan:

Masauki. Hukumar tana da gidajen da take ajiye waɗanda aka ceto, da ci da sha da tufafi. Zaman yakan kai mako shida, ana iya ƙarawa idan akwai dalili. Ka sani cewa ba a barin shiga da fita yadda aka ga dama a waɗannan gidaje, saboda tsaron waɗanda suke ciki. A sanar da yarinyar wannan tun farko, kada ta zaci an sake kulle ta.

Magani da nasiha. Ana duba lafiyar jiki, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne zama da wanda ya firgita su saurare shi har hankalinsa ya kwanta. Wannan ba ya cin karo da addu'a da ruƙiyya, dukkansu neman magani ne.

Neman dangi da mayarwa gida, bayan an tabbatar gidan ba shi ne tushen matsalar ba.

Koyon sana'a ko komawa makaranta, wani lokaci da kayan fara sana'a kamar keken ɗinki.

Kariya a shari'a. Dokar ta hana a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi safararsa saboda laifin da halin da aka jefa shi ya jawo, kamar tafiya ba takardu. Hukumar ce take gurfanar da mai laifi, kuma kotu tana iya umartarsa ya biya diyya. Mafi ƙarancin hukuncin safara ɗaurin shekara biyu ne da tarar naira 250,000, yana kuma ƙaruwa sosai idan an jefa ƙaramin yaro cikin alfasha. Ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau laifi ne mai zaman kansa, da ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Kuma cewa ai da yardarta ta tafi, ko iyayenta ne suka bayar, ba ya wanke wanda ya yi yaudara.

Kada ka ce talaka ba ya cin nasara a kotu. Hadizatu Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana da shekara 12, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ECOWAS, kuma a 2008 kotun ta yanke cewa gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Idan kuwa mutumin yana ƙasar waje har yanzu, dangi su kai rahoto ga NAPTIP da duk abin da suke da shi: lambar da yake kira da ita, sunan gari, sunan dillali, rasidin kuɗin da aka tura. Shi kuma ya yi ƙoƙarin isa ofishin jakadancin Nijeriya, kamar na Yamai ko Tarabulus ko ƙaramin ofishin Jidda, inda ake ba wanda aka ƙwace wa fasfo takardar tafiya ta gaggawa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana da masauki a Agadas, kuma tun 2017 ta dawo da dubban 'yan Nijeriya daga Libiya da Nijar bisa son ransu, hukumar agajin gaggawa ta NEMA tana tarbarsu a filayen jirgi na Legas da Kano. Ba a sayen gurbi a wannan jirgi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya saka sunan ɗanka, ka yi hattara da shi.

Na shida: daga ina za ka fara?

Fara da asibiti, kamar Babban Asibitin Kankia ko asibitin gwamnati mafi kusa. Idan an keta mata mutunci kwanan nan, kada a wuce awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Gwajin ƙanjamau da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. A adana takardun likita, hujja ce.

Sannan a kai rahoto. Wanda ba zai iya zuwa Katsina ko Kano ba, ya je ofishin 'yan sanda na Kankia ko na Kusada, ko sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko Hisba, ya nemi a miƙa maganar ga NAPTIP. Ma'aikatar harkokin mata ta jiha ita ma tana da hannu a lamarin mata da yara. Tafiya da dagaci ko liman ko wani dattijo tana ƙara wa magana nauyi. A karɓi sunan jami'in da ya saurare ku da lambarsa, a riƙa bibiya. Kada a goge saƙonnin waya, kuma kada a faɗa wa dillali cewa za a kai shi ƙara.

Gaskiya ita ce kuɗin waɗannan hukumomi bai kai yawan masu buƙata ba. Za ka iya samun jinkiri, tallafin sana'a kuma ba kowa yake samu ba. Idan ƙofa ɗaya ba ta buɗe ba, ka ƙwanƙwasa ta gaba, har da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da na lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Na bakwai: abin da ya rage a wuyanmu

Mako shida na hukuma zai ƙare, yarinya ta dawo unguwa. Idan ta tarar da talaucin da ya kore ta yana nan, ga gori ya ƙaru a kai, to wani dillalin yana jiranta. Wannan gurbi na jama'ar masallaci ne.

Zakka ta halatta a gare ta. Tana shiga cikin faƙirai, wanda ya maƙale a wata ƙasa kuma matafiyi ne da guzurinsa ya yanke, dukkansu suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Game da fansar wanda yake tsare daga kason 'yanta wuyaye, malaman Malikiyya sun yi saɓani: Ibnul Ƙasim da Asbagu sun hana, Ibnu Habib ya halatta. Sai dai kada a tura wa masu tsarewa kuɗi kafin a shawarci hukuma, domin sau da yawa biya na farko kiran na biyu yake yi.

Mai zakkar hatsi ya tuna da gidan da aka dawo musu da 'ya. Mai shago ya ɗauki saurayin da ya dawo daga Libiya hannu rabbana. Malamar Islamiyya ta karɓi yarinyar a aji ba tare da tambayoyi ba. Mai neman aure kada a hana shi ita, kada kuma a yi gaggawar aurar da ita ga wanda ba ta so don a rabu da kunya. Wanda ya jefe ta da kalmar karuwa kuwa ya sani ƙazafi yana da haddi, bulala 80.

Kafin ka ba da ɗanka ko 'yarka, ka san sunan mai gidan da unguwarsa, ka je ka gani da idonka ko ka aika amintacce, a faɗi lada da wa'adi gaban shaidu, waya ta zauna a hannun yaron, fasfo ya zauna a hannun mai shi. Wanda ya ce maka a yi sauri kuma kada kowa ya ji, ka tsaya nan. 'Ya'ya amana ne, kuma za a tambaye ka game da su.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda suke tsare, Ya warkar da waɗanda suka dawo, Ya shiryi masu wannan sana'a ko Ya kare Musulmi daga sharrinsu. Allah ne Mafi sani.